Ɗalibin da Bai Taɓa Riƙe Gizago Ba

Mai gyaran agogo ne, shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. Amma in kana son ganin haƙoransa, bar zancen agogo, tambaye shi wasiƙu. Shekara ashirin yana tara wasiƙun da shahararrun masu sassaƙa suka rubuta da hannunsu, kowace a cikin leda, da lamba a jiki. Matarsa kan ce ko takardun haihuwar 'ya'yansa ba su samu wannan gata ba.

To, me zai sa babban mutum ya zauna ya rubuto wa mai agogo? Dabara ya yi, kuma ba mai kyau ba. Sai ya rubuta musu cewa shi sabon shiga ne a sassaƙa, katako na tsage masa, a taimaka da shawara. Yawancinsu layi uku suke yi su sa hannu, shi kuwa dama abin da yake nema ke nan.

Wani tsoho ne ya ɗauki abin da gaske. Shafi huɗu, shafi biyar, har da zanen yadda ake riƙe gizago. Shekara shida suna haka, gogan naka yana ta shara ƙarya, har ya ce ya sassaƙa doki. Yakan ji kunya in zai liƙe ambulan, amma da amsa ta iso sai kunyar ta bi iska.

Ran nan da hantsi sai ga dattijo a ƙofar shago, rungume da ƙunshi.

"Kai ne ɗalibin nawa? Kwana biyu na yi a mota."

Ya kwance ƙunshin a kan teburin agogo: gizago, guduma, wuƙaƙen sassaƙa, ƙotocin duk sun yi sulɓi.

"Hannu ya ƙi, ɗana. Mutum uku suka roƙe ni kayan nan, na ce suna da mai su. Ina dokin?"

Mai agogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya jawo akwatin wasiƙun ya buɗe. Tsohon ya yi ta ɗaga ledojin yana kallon rubutunsa, daga lamba saba'in har ɗari da biyu.

"Ko katakon ka taɓa saya?"

"A'a, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

Mai agogo ya girgiza kai.

Ina ma tsohon ya zage shi! Amma bai yi ba. Ya tattara kayansa, ya kama bakin zanen ƙunshin zai ɗaure. Sau uku ƙullin na kwancewa. Can ya turo ƙunshin gaban mai agogo, ba tare da ya dube shi ba.

"Ɗaure mini. Zan je in ba su haƙuri."