Inda Muka Tsaya a Dutsen Kamaru

Mu mutanen Yerwa ba mu saba da hawa ba, don ƙasarmu a shimfiɗe take. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai aka tura ni kwas ɗin aikin gona a Kamaru, tare da wani dattijon abokin aikina, mutumin unguwar Shehuri ta garinmu, wanda nake kira Baba. Shi ya nace sai mun hau dutsen nan mai aman wuta. Mahaifinsa bafatake ne, ya taɓa ba da labarin dutsen a zaure, mutane suka ƙaryata shi, suka yi ta yi masa dariya.

Da sassafe muka kama hanya, wani mafarauci yana yi mana jagora. Da daji ya ƙare sai baƙaƙen duwatsu masu kaifi, ga sanyi, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wajen azahar Baba ya zauna yana haki.

Ya ce, "Ɗana, wuce ka gano mana. Ni dai nan na tsaya."

Na ɗaga kai na dubi ƙololuwar, sannan na zauna kusa da shi. Mafaraucin ya nuna mana wata tsaga da tururi yake fita daga cikinta. Baba ya ɗora tafin hannunsa, ya janye, ya sake ɗorawa.

"Wallahi da zafi. Allah ya jiƙan tsohona."

Ya daɗe yana share ido da hularsa. Muka yi taimama muka yi salla a wurin, sannan muka sauko a hankali, yana dafe da kafaɗata.