Tsohon Direba da Asibitin Bayan Tasha

Aikin direban ofis, idan aka auna shi da gaskiya, tuƙi kaɗan ne a cikinsa. Mafi yawansa jira ne. Mutum ya kai maigidansa bakin wani gini, a ce masa "ina zuwa", ya kashe mota ya sauke gilashi ya zauna. Ba a gaya masa abin da ake yi a ciki, shi ma ba ya tambaya. Dattijon da unguwa take kira Baba Direba ya yi wannan aiki tun gashinsa na baƙi har ya yi furfura, ya kuma ajiye shi bai taɓa goga motar ofis a jikin komai ba, ba a kuma taɓa fitowa aka neme shi aka rasa ba. Da wannan yake alfahari, kuma ya cancanci ya yi. Ya bar aiki da babur ɗaya, da ɗan madaidaicin gida, da wata aƙida da ta zauna masa daram a zuciya: na cikin ofis ya san abin da na waje bai sani ba, kuma mutumin kirki shi ne wanda idan aka ce ya dakata sai ya dakata.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ta bar masa 'ya'ya biyu. Babbar mace ce, tela, tana gidan mijinta a bayan layinsu, kowa, har shi uban, Yaya yake ce mata. Ƙaramin namiji ne, Auta, mai walda, bai yi aure ba, suna zaune tare da uban. Auta mutum ne mai barkwanci. Idan ya dawo daga shago da baƙin ƙarfe a hannu yakan tsaya a bakin ƙofa ya ƙame ya sara wa tsohon, ya ce, "Ranka ya daɗe direban manya, an taso daga mitin ne ko har yanzu ana ciki?" Tsohon ya ɗaure fuska ya ce, "Je ka wanke hannu, ɗan banza," alhali dariya na cin sa. Waldar Auta kuwa sumul take fita, har masu gini sukan ce a ƙofar da ya haɗa sai ka shafa da yatsa kafin ka gane inda ƙarfe ya sadu da ƙarfe.

Wata rana ana sauke wata babbar ƙofar ƙarfe daga mota, ta suɓuce ta dake shi a ƙugu. Ƙashi bai karye ba, amma ciwo ya shiga ya ƙi fita. A babban asibiti aka ba shi magani mai sauƙi, aka ce ya huta ya riƙa motsa jiki a hankali. Mai walda kuwa a durƙushe yake cin abinci, hutu ba nasa ba ne. Sai wani abokin sana'arsa ya ba shi labarin wani asibitin kuɗi a bayan tasha, wanda ba ya duba komai sai ciwon jiki, ya ce likitan wurin hannunsa da albarka.

Wurin a saman bene yake, ƙarƙashinsa shagon tayoyi. Ka hau matakala ka tarar da bencina cike da majiya ƙarfi, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai kallon ɗan'uwansa. Likitan yana da farar riga, da takardar shaidar karatu cikin gilashi a bango. Ba ya taɓa jikin kowa. "Ina ke ciwo? Har yanzu? To, za mu ƙara ƙarfi." Ya rubuta, ka sauko ka miƙa takardar ta wata 'yar taga a jikin ginin, a miƙo maka ƙwaya. Da yake Auta ba ya iya tuƙa kansa a lokacin, uban ne yake goya shi a babur. Ya sauke shi a gindin matakala, ya jingine babur a inuwa, ya zauna.

A nan ya kamata a tsaya a yi tunani, domin a nan kuskuren ya fara. Da a ce wani yaro ne a bakin lungu ya miƙa wa Auta wannan ƙwaya, ita ɗin dai ba wata ba, da Baba Direba ya tara masa jama'a. Amma ta zo da takarda da hatimi da farar riga, saboda haka sunanta magani. Mutane irinsa, waɗanda suka rayu da mutunta hukuma da masu ilimi, sun iya tsare gidansu daga ɓarna idan ta zo da kamanninta. Ba su da makamin da za su tare ta da shi idan ta zo cikin kayan aiki. Mai wannan asibiti ya san haka sarai, a kan wannan sanin ma ya kafa kasuwarsa.

Ciwon ƙugu ya tafi, zuwa asibiti bai tsaya ba. Ƙwayar da aka ce ta wata guda ce ta koma ƙarewa kafin wata ya raba. Waldar Auta ta fara fitowa da ƙuraje. Aka soma ganinsa yana gyangyaɗi da abin walda a hannu, wuta na tartsatsi kusa da ƙafarsa. Injin gurza ƙarfe ya ɓace daga shago, ya ce aro aka yi. Ranar da ƙwaya ta yanke kuwa sai ya kwanta yana zufa yana rawar jiki, hanci na zuba, yana kiran uwarsa da ta rasu.

Yaya ce ta fara kiran abin da sunansa. Ta shigo gidan da tef ɗin awo a wuya, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, wannan ba jinya ba ce, shaye-shaye ne. Kuma kai ne direbansa."

"Ke, ki iya bakinki. Likita ne ya rubuta."

"Likitan da ko rigar mutum ba ya ɗagawa? Ni da nake tela ma sai na auna mutum kafin in yanka masa yadi."

Maganar ta yi masa zafi, amma shi mutum ne mai adalci, ya je ya lura. Ya ga fuskokin da yake gani a gindin matakalar nan su ne dai kullum, suna ta ramewa, ba wanda ya taɓa warkewa ya daina zuwa. Sai ya yi abin da a ganinsa ɗan ƙasa nagari zai yi: ya goge kaftaninsa ya tafi ofishin 'yan sanda.

Sufeton da ya saurare shi mutum ne mai ladabi, har kujera ya jawo masa. Ya ce, "Baba, mun san wurin nan, ba kai ne na farko ba. Amma ka gane, wannan likita ne mai lasisi, ba ɗan bakin titi ba ne da za mu cafke da hannu. Sai an haɗa hujja, sai masu kula da aikin likitoci sun sa hannu. Abin da nake so da kai, kada ka canja komai. Ka ci gaba da kai yaron yadda ka saba, don kada su farga. Fankon kwalayen kuma ka riƙa tara mana."

"Zuwa yaushe, ranka ya daɗe?"

"Ba da daɗewa ba. Za mu neme ka."

Ya fito daga ofishin yana tafiya a miƙe kamar wanda aka mayar bakin aiki. Daga ranar, kai Auta asibitin bayan tasha ya tashi daga rauni na uba ya koma umarnin hukuma. Yana goya ɗansa, yana tara fanko a wata jakar leda ƙarƙashin gado, duk ƙarshen mako yana leƙa ofis a ce masa takarda ta tafi sama ba ta dawo ba.

Ba ni da hujjar cewa an toshe bakin sufeton, kuma zargi ba tare da hujja ba zalunci ne ko a kan wanda ake jin haushi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Doka tana da dalilinta na yin sannu, domin hukumar da take rufe asibiti a kan ƙorafin mutum ɗaya gobe za ta rufe na gaskiya. Sai dai duk wanda ya ce wa uba ya ci gaba da shayar da ɗansa guba har takarda ta dawo, wajibi ne ya san jikin ɗan Adam ba ya bin jadawalin ofis. Ko dai bai sani ba, wanda sakaci ne, ko ya sani ya faɗa, wanda ya fi muni. Ban ga hanya ta uku ba.

Ana cikin haka Yaya ta samo mafita. Wata ma'aikaciyar jinya da take yi wa ɗinki ta nema wa Auta gado a sashen masu fama da ƙwaya na babban asibiti, wurin da mutane suke daɗewa a layi ba su samu ba. Sharaɗi ɗaya ne: a kawo shi cikin makon, in ba haka ba a ba wani. Baba Direba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce bari ya ji daga ofis. Sufeto ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Baba, yanzu da muka zo gaɓa? Ɗanka shi ne babban shaidarmu. Idan ya ɓace daga layin nan za su sha jinin jikinsu. Ka ba mu zuwa wata mai kamawa."

Da ya dawo da wannan amsa, Yaya ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Baba, sufeton nan shi ya haifi Auta ko kai?"

"Idan aka rufe wurin, 'ya'yan mutane da yawa za su tsira, ba namu kaɗai ba."

"To 'ya'yan mutane su bari in fara ceto ƙanena. Wallahi da ina da ƙarfin ɗaukarsa da a bayana zan goya shi."

Auta yana kwance a kan tabarma, ana zaton barci yake. Sai aka ji muryarsa, a sanyaye amma tas, irin muryarsa ta da. "Baba, ka bar Yaya ta kai ni. Na gaji." Tsohon ya ce, "An ce mu dakata, Auta. Kaɗan ya rage."

Aka ba wani gadon. Wata mai kamawa ya kama, ya wuce, ba wanda ya neme shi.

Da tsakar rana ne wani maƙwabcin shago ya leƙa neman aron guduma, ya tarar da Auta a bayan fallayen ƙarfe, leɓɓansa sun yi baƙi, numfashi sai an kasa kunne. Ashe likitan bayan tasha ya sake ƙara masa ƙarfin ƙwayar a makon. A babban asibiti aka ceto ransa, amma aka ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba iska. Likitar da ta karɓe shi, wata yarinya da ba ta kai Yaya shekaru ba, ta juya kwalin ƙwayar a hannunta ta ce, "Wa yake kai shi yana karɓo wannan?" Yaya ta buɗe baki, uban ya riga ta. "Ni ne, 'yata."

Da ya koma ofishin 'yan sanda ya tarar an yi wa sufeton canjin wurin aiki. Wanda ya maye gurbinsa bai san da maganar ba, ya ce a rubuto ƙorafi daga farko. Asibitin bayan tasha yana nan. An ma yi masa sabon fenti, an ƙara benci a gindin matakala saboda na sama sun daina isa.

Auta yana gida yanzu. Hannunsa na dama ba ya riƙe ko cokali, magana kuma sai ya nemo ta ɗaya bayan ɗaya. Abubuwa da yawa sun goge daga kansa, har sunayen kayan aikinsa, amma hanyar wurin nan ba ta goge ba. Yaya takan aiko da abinci, takan zo ta yi wanki, tana gaida ubanta yadda ya kamata, ba ta ƙara ko kalma a kan gaisuwar. Shi yake yi wa ɗan wanka, shi yake yi masa aski. Kusan kowace safiya, yana cikin ɓalla masa maɓallin riga, Auta yakan ɗago kai ya ce, "Baba, yau... ba za mu je... wajen likita ba?"

Dattijon nan, wanda ko maigidansa bai taɓa yi wa ƙaryar cewa man mota ya ƙare ba, sai ya gyara masa wuyan riga ya ce, "An rufe wurin, Auta. Hukuma ta zo ta rufe shi."