Na Sama da Na Ƙasa

Baffana mai saka dish ne, kuma tun da na yi wayo a kan rufin mutane na san shi. In ka shigo layinmu ka tambaye shi da sunansa na gaskiya, sai an yi ta kallon-kallo kafin wani ya tuna. Na Sama ake ce masa. Mahaifina, wanda shi ne yayansa, shi ne Na Ƙasa. Ni kuma ina zaune a bayan kanta a shagon wakilin kamfanin satalayit, ina sayar da dikoda, ina sabunta wa mutane kati, ina shan ƙorafin waɗanda hadari ya ɗauke musu hoto ana tsakiyar ƙwallo, sai ka ce ni na haɗa hadarin. Manaja Baffa yake ce mini, ko da yake abin da nake mulka bai wuce kujera ɗaya da wata fanka mai ciwon wuya ba.

Da eriya suka fara sana'ar, tun lokacin da ake ɗaure ta a kan doguwar gora ana juyawa. A wancan zamanin Baba ne mai hawa, Baffa yana riƙe tsani. Suka ga zuwan manyan dish ɗin nan masu cinye rabin tsakar gida, suka ga ƙanƙancewarsu har suka koma kamar faifan tuya. Wata safiya raɓa ta jiƙa kwanon wani gida, ƙafar Baba ta zame, ya faɗo ya karye a ƙugu. Da ya tashi daga jinya da sanda ya tashi. Ba wanda ya zaunar da su ya raba musu aiki. Ranar da suka koma, Baffa ya ɗauki sifana ya kama tsani, Baba ya nemi kujera a falon mai gida, shi ke nan.

Aikin nasu na mutum biyu ne. Wanda ke sama yana juya dish amma ba ya ganin talabijin, wanda ke ƙasa yana ganin talabijin amma hannunsa ba ya kaiwa ga dish. Don haka Baba zai sa a buɗe taga, ya riƙe rimot, ya buɗe shafin da ke nuna ƙarfin sigina, ya gyara murya.

"Dama kaɗan, Auta. Ka wuce. Dawo. Ɗaga masa kai. Tsaya nan, ko numfashi kada ka yi. To, ɗaure."

Auta yake ce masa har yau, alhali furfura ta gama da kan Baffa. Muryar Baba kuwa Allah Ya yi mata albarka, ana jin ta daga bakin titi. Yara kan taru a ƙofar gida su yi ta kwaikwayonsa. Yana cikin ba da umarni zai juyo ga mai gida ya tambaye shi yara nawa ne a gidan, ya ce tsarin biyan da ke da tashoshin katun na yara ya fi masa, ko kuma ya ce, "Kai da ba ka kallon ƙwallo, me za ka yi da babban tsari? Ɗauki na labarai ka huta." Ya koya wa uwar gida yadda ake kulle tashar da ba ta so yara su gani. Kafin Baffa ya sauko, Baba ya san tarihin gidan kaf, ya sha ruwan sanyi, an kuma yi masa alkawarin turo maƙwabta. Saboda wannan zaman falon yake goge kayansa tun da sassafe, ya shafa turare, ya zauna a bakin ƙofa yana jiran ƙarar babur ɗin Baffa.

Baffa shi ba mai magana ba ne. Gajere ne, rana ta ƙona masa ƙeya, aljihunsa na baya kullum a yage saboda sifana. Garin nan ta sama ya san shi. Zai gaya maka gidan da kwanonsa ya kusa fara yoyo, da gidan da yara suka cika wa rufi da ƙwallaye da warin takalma, amma in ya haɗu da masu gidajen a kasuwa sai ya wuce su bai gane su ba. Ya taɓa gaisawa da wani mutum ya daɗe, bayan an rabu ya tambaye ni ko wane ne. Na ce ai shi ne mai gidan da suka yi wa aiki shekaranjiya. Ya ce, "Au, mai tankin da ya tsage."

Sai kamfani ya kawo mita. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, mai batir a cikinta. A can sama ake haɗa ta da dish, ta nuna wa mai hawa ƙarfin sigina a gabansa. Doka ta zo tare da ita cewa duk wanda ya saka dish sai ya ɗauki hoton abin da mitar ta nuna ya turo shago ta waya. Samarin masu saka dish suka yi murna, don yanzu mutum ɗaya ya isa. Ni na miƙa wa Baffa tasa. Ya juya ta a hannu, ya tambaye ni inda ake kashe ƙararta, na nuna masa. Ya saka ta can cikin aljihun rigarsa ya ce, "Manaja, Yaya ba ya buƙatar sanin wannan."

Na gane abin da yake tsoro, don ni ma shi nake tsoro. In aka cire Baba daga falon mutane, ba shi da wurin zuwa sai bakin ƙofarmu, kuma mutum irin Baba zaman bakin ƙofa zai cinye shi.

Haka Baffa ya ɓullo da tasa dabarar. In ya hau, zai haɗa mitar a ɓoye ya samo sigina, ya ɗauki hoto, ya ja layi da ƙusa a jikin ƙarfen don ya san wurin. Sannan ya kautar da dish gefe, ya leƙo ya ce, "Yaya, na shirya." Baba ya fara dama kaɗan, hagu kaɗan, har ya dawo da shi kan layin da ya riga ya ja. Aikin da samari ke gamawa kafin shayi ya huce, su sai su daɗe a kai. Mai shago ya yi ta mita cewa tsofaffin nan sun cika nawa, amma da yake ba a taɓa dawo da aikinsu ba, a bakinsa abin ya tsaya. An daɗe ana haka.

Ranar da abin ya tonu ina wurin. Wata malamar asibiti ce ta sayi dikoda mai naɗar shiri, don aikinta ba ya barin ta kalli abin da take so a kan lokaci, aka ce in bi su in nuna mata yadda ake naɗa. Baffa ya hau, Baba ya zauna ya buɗe shafinsa. Bai kai ga gyara murya ba aka ɗauke wuta. Ya leƙa ta taga ya ce, "Auta, sauko ka sha ruwa, sun ɗauke." Can Baffa ya sauko, muka zauna a falo muna hira, malamar tana ba mu labarin marasa lafiyar da ke zuwa mata da maganin da suka gani a talla.

Fanka ta motsa, wuta ta dawo. Talabijin ta kama, dikoda ta gama 'yan ƙifce-ƙifcenta, sai ga hoto tangaram, wata mata tana karanta labarai, ko ɗigo babu.

Mitar ba ruwanta da wutar gida. Baffa ya samo sigina da ita kamar kullum, kiran Baba ya katse shi, hannunsa ya ɗaure notin da kansa, ya manta bai kautar da dish ba. Malamar ta tafa hannu ta ce lallai an gaya mata su gwanaye ne, ashe har ba wuta suna aiki. Baba kuwa ya san dish ba ya samun tauraro da kansa, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema. Ya dubi talabijin, ya dubi Baffa, ya dubi ƙullutun da ke aljihun rigarsa. Baffa ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Baba ya ajiye rimot a kan tebur a hankali, ya ce da ni, "Nuna mata naɗin, mu tafi."

A gida ya tambayi Baffa abu ɗaya, "Tun yaushe?" Baffa ya ce an ɗan jima. Baba ya ce, "Ashe wasan yara nake yi a falon mutane." Bai yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ya yi. Washegari babur ya zo ya tsaya, Baba ya aiko Inna, mahaifiyata, ta ce ƙugunsa ne ya motsa. Haka jibi, haka gata. Ya daina guga. Muryar da ke cika layi ta koma sai ka matso kake jin ta. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin Baffa da ya kasa tuna abu ɗaya tak.

Baffa ya ci gaba shi kaɗai. Ni na zaci aiki zai yi sauri, sai ga ƙorafi yana shigowa shago. Wannan ya ce mai saka dish ya zo ya duba ya tafi, wancan ya ce an ce masa sai gobe, goben ba ta zo ba. Da na lura, duk gidajen bene ne. Mai shago ya ce in ba zai iya ba a ba samari. Na rufe kanta da rana na bi shi wani gida, na same shi zaune a gindin tsani, dish a gefe ko kwalinsa ba a buɗe ba.

Na ce, "Baffa, lafiya?"

Ya daɗe yana murza sifana kafin ya ce, "Manaja, ni fa ban taɓa son sama ba. Ina riƙe da tsani ya faɗo a gabana. Tun ranar, in na wuce tsakiyar tsani gwiwata rawa take yi."

"Shekara da shekaru kana hawa, Baffa."

"Ina hawa don ba mai hawa in ba ni ba. Kuma in yana magana, shi nake saurare, ba na tuna ƙasa. Yanzu in na hau, shiru nake ji."

Ni duk zatona Baba yake rufa wa asiri da wannan wasan, ban taɓa kawo cewa shi ma Baffan a jingine yake da muryar yayansa ba. Na ce ya faɗa wa yayansa. Ya ce ina, ai sai Yaya ya ce wata dabarar ce. Na ce to ni zan faɗa, bai hana ni ba.

Da na gaya wa Baba, abin da Baffa ya hango shi ya faru. Ya ce, "Ku biyu kun mayar da ni jariri." Na ce ya zo ya gani da idonsa, in ƙarya ne ya dawo gida ya ci gaba da fushinsa, ba wanda zai hana shi. Ya yi tsaki, amma ya sa Inna ta miƙo masa sanda.

A adaidaita muka je. Baffa yana nan inda na bar shi. Da ya ga yayansa sai ya miƙe, ya rataya igiya ya kama tsani. Baba bai shiga falo ba, ya tsaya a gindin tsanin ya ɗora hannu a kai. Baffa ya hau, ya hau, ya kai tsakiya ya tsaya. Tsanin ya fara kaɗawa, ƙarfensa yana buga bango ƙas-ƙas, kuma na ga rawar tana shiga hannun Baba har kafaɗa. Fuskarsa ta canza. Ya jingine sandarsa, ya kama tsanin da hannu biyu.

Daga sama Baffa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaya, yi magana."

"In ce me? Ai kana da mita."

"Ko me ne ne."

Sai Baba ya gyara murya, ya ɗaga kai ya ce, "Auta, kai tun kana ƙarami ba ka iya ɓoye abu ba. Ka tuna ranar da ka fasa tulun mahaifiyarmu ka ce kaza ce?"

Tsanin ya lafa. Baffa ya ɗaga ƙafa ya taka mataki na gaba, Baba ya wuce kan laifi na biyu.