Injin Muntaka Ba Shi da Fanka

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Muntaka bakanike na unguwar Klemat ya san hannunsa na dama. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa fatar ta yi sumul, fari-fari, kamar kazar da aka tsoma a ruwan zafi aka fige. In ka tambaye shi sai ya ce shayi ne ya zubo masa. Ƙarya yake. Ba a taɓa dafa shayin da zai yi wannan aiki ba a duk Injamena.

Muntaka jikan mahajjata ne, irin waɗanda ba su ga Makka ba. Kakansa ya baro ƙasar Katsina a ƙafa, ya iso nan tun ana ce wa garin Fort-Lamy, ya ce bari ya huta kwana biyu. Hutun ne zuriyarsa ke yi har yau. Iyayen Muntaka sun rasu yana ƙarami, ƙanwar ubansa Goggo Hansai ta riƙe shi tare da wansa Abdulgani. A lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu ya yi, Faransanci ya ƙi shi, shi ma ya ƙi Faransanci, ya koma kwanciya ƙarƙashin motoci. A shekarar casa'in da biyar ya kafa garejinsa a ƙofar gida, ya mallaki Fijo 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira bashe.

Ba ya sha, ba ya caca. Ciwonsa ɗaya, gudu.

Da injin bashe ya gaji, Abdulgani, wanda ke tuƙa babbar mota zuwa Duwala, ya sauke masa sabon inji dal a akwatin katako, ko ƙusa ba a cire ba. Muntaka ya zagaya akwatin sau biyu, ya taɓe baki.

"Yaya, wannan ai injin limamai ne. Don mai kai iyali asibiti aka haɗa shi."

"To kai ina za ka kai naka iyalin? Lahira?"

Bai ji ba. Ya ɗauko gangar inji daga wata taksi da ta mutu, ya sa aka goge kan injin har ya matse, ya ɗora karbureta biyu, ya yanke salansa. A ƙarshe ya kwance fankar da ke sanyaya lagireto ya rataye ta a ƙusa. Wai tana cin ƙarfi a banza.

"Mai gudu iska ke yi masa fifita," in ji shi.

Kuma gaskiyarsa, muddin yana gudun. Shekara shida ba motar da ta sha gabansa a hanyar Farsha ranar Lahadi. Bikin da bashe ba ta ja ayarinsa ba, angon ma ba ya jin ya yi aure. Tsofaffin unguwar Kabalaye sun tsine masa har sun gaji. Akwatin Abdulgani kuwa ya zama bencin shan shayi.

Ana cikin haka ƙafafun Goggo suka daina ɗaukarta. Mace ce mai jiki, sai mutum biyu ke ɗaga ta. A ƙarƙashin gadonta akwai galan ɗin zamzam mai lita biyar da wata maƙwabciya ta kawo mata daga hajji. Ba sha take ba. Ta ajiye ne don a yayyafa wa likkafaninta, tunda ita ma ta san Makka ta fi ƙarfinta. Wanda ya taɓa galan ɗin nan, ya taɓa wutsiyar zaki.

Sai ga Fabrairun 2008. Ranar Asabar da safe 'yan tawaye suka shigo gari, aka fara ɓarin wuta. Klemat ba nisa da inda ake gwabzawa. Kwanon rufi yana kaɗawa, ƙasa tana zubowa daga bango, yara sun yi kuka har murya ta ɗauke. Ranar Lahadi wani abu ya faɗa gidan da ke bayansu, aka ji ihu, daga baya aka daina ji. Shirun ya fi ihun ban tsoro.

Abdulgani ya ja ƙanensa zaure. "Da an lafa za mu tsallaka Kusuri, ƙasar Kamaru. Ga akwati, ga kayan aiki. Mu jawo motar ciki, kafin magariba mun ɗora sabon."

Muntaka ya dubi akwatin, bakin nan dai bai mutu ba. "Yaya, gudun rai za mu yi. Sabon inji sai an yi masa rodaj, a bi shi a hankali kamar amarya. Nawa injin, minti ashirin ya kai mu Kamaru."

"To ko fankar ka mayar."

"Ta yi tsatsa, kuma ba bel. Bar ni da motata."

Ranar Litinin da hantsi harbi ya lafa. Suka shimfiɗa katifa a bayan bashe, suka ɗora Goggo, da matan gida da yara, da jarkar ruwa biyu. Goggo ta rungume galan ɗinta kamar jariri. Muntaka ya murza makulli, inji ya yi gurnani, ya taka shi har Kabalaye kamar iska.

Nan gudun ya ƙare.

Ashe duk garin ne ya fito. Mutane da katifu a ka, da akuyoyi, da kura, da tsofaffi a baro, hanya ta cika maƙil. Ba wanda ke gudu. Bashe ta shiga sahu tana tafiyar mai ciki. Kafin su haye gadar Shagwa allurar zafi ta wuce rabi. A Waliya ta shiga ja.

Muntaka ya san abu biyu da ba wanda ya sani a motar. In ruwan lagireto ya ƙone, injin zai kame. In kuma ya kashe shi da zafinsa, ba zai tashi ba sai ya huce, awa guda ko fiye. Ya bar wa Abdulgani sitiyari, ya buɗe bonet, yana tafe da baya-baya gaban motarsa yana kwara ruwa a kan lagireto. Jarka ta farko ta tafi. Ta biyu ta tafi. Ya roƙi wata mata da ke ɗauke da bokiti, ta ce da Larabci, "Almi ma fi," wato babu ruwa, ta ƙara rungume abinta.

Daga bayansu, can cikin gari, aka sake jin dum. Jirgi mai saukar ungulu ya wuce ƙasa-ƙasa. Taron ya yi wata irin girgiza, aka fara ture-ture, wata yarinya ta faɗi aka fizgo ta.

A hawan gadar Ngeli, wadda daga ita sai Kusuri, Muntaka ya hango abin da ke jiransu. Wata mota ta mace a bakin gada, masu kaki sun sauke mutanenta, sun tura ta gangare don kada ta toshe hanya. Masu ita sun bi sahu a ƙafa. To su wa zai ɗauki Goggo? A wannan matsi ko mai ƙafa biyu da ƙyar yake tsayuwa.

Inji ya fara ƙwanƙwasa. Tururi ya turnuƙe.

"Amshi! Amshi!" wani mai bindiga ya daka musu tsawa su kauce, yana nuna gangaren da bakin bindigarsa.

"Muntaka," Goggo ta kira daga baya. "Zo nan, ja'iri."

Ya zagaya. Ta miƙo galan ɗin.

"Goggo, na likkafaninki ne."

"In muka tsaya nan wa zai yi mini likkafanin? Ungulu? Karɓi. Kakanka ya taka daga Katsina don ruwan nan bai same shi ba, yau ga shi motar banza za ta sha. Ka yi bisimilla dai."

Ba tsumma, ba lokacin jira. Ya naɗe hannu da gefen rigarsa ya murɗe murfin lagireto. Abin da ya fito ya wanke masa hannu har gwiwa. Bai ji kansa yana ihu ba, daga baya aka ba shi labari. Da hagu ya tuttula zamzam ɗin a hankali, yana bisimilla, hawaye da majina duk sun haɗe. Ƙwanƙwasar ta ragu. Abdulgani ya saki kuloci, bashe ta hau gada.

Taku ɗaya-ɗaya suka haye kogin Logon, Muntaka yana dafe da ƙarfen motar, idonsa a kan tururi, ba ya ko duban ruwan da ke ƙasa, kogi guda da ba ya iya kaiwa gare shi. Tayar baya na sauka ƙasar Kamaru injin ya yi ƙara ɗaya kamar an shaƙe rago, ya kame. Bai sake juyawa ba har abada.

Abdulgani ya fito, ya share gumi. "Awa biyar muna tafiyar amarya. Da tuni an gama rodaj ɗin."

Kwana tara suka yi a Kusuri. Da suka dawo sun tarar an kwashe garejin tas, har fankar da ke ƙusa, amma ɓarayin sun bar akwatin, ga alama sun ɗauka benci ne. Muntaka ya ɗora injin limamai da hannu ɗaya da rabi. A hajjin shekarar ya bi gidajen alhazai bakwai yana roƙon kofi-kofi har ya cika wa Goggo galan ɗinta. Ta girgiza shi, ta ce bai kai na da nauyi ba.

Yanzu in ka kai masa mota ka ce kana son ta yi gudu, zai yi maka, don hannun bai manta ba. Amma ka ce ya cire fanka, ka ga yadda zai naɗe hannun riga ya sa maka a fuska.