Taken Shekara a Jitar Illa Tela

Illa Tela ba makaɗi ba ne, ba kuma ɗan makaɗa ba. Maraya ne da kawunsa Shekara ya riƙa tun yana rarrafe, ya kai shi koyon ɗinki, da ya kawo ƙarfi ya ba shi ƴarsa Baiwa, aka yi tuwona maina. Rumfarsa tana bakin kasuwar Matamaye, tsakanin ma'aunar gyaɗa da rumfar mahauta, kuma daga Kurni har Ɗan Barto duk wanda ka gani da wando mai kyau, da wuya in ba kekensa ne ya ɗinka ba. Mutum ne mai sanyin hali. Aibinsa guda ne, in abu ya shige masa kai, to sai ya ga ƙwal uwar daka.

A shekarar 1955 wani tsohon soja mai suna Dawuda ya dawo daga yaƙin da Faransa ta yi a ƙasar Indoshin da ɗingishi da kuma jita mai tsirkiya shida. Mutanen gari suka sa mata suna garayar Nasara, suka yi dariyarsu suka watse. Illa ne kaɗai bai yi dariya ba. Kullum bayan azahar, in aiki ya lafa, Dawuda yakan zo rumfar ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya nuna masa yadda ake danne tsirkiya. Kafin damina ta fita Illa ya iya kamun tsirkiya iri uku, har yana haɗa su ya yi abin da in an yi masa kara za a ce kiɗa ne.

Na huɗun ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Yatsu uku za su danne siraran tsirkiyoyi, su ba da wani amo mai sanyaya jiki wanda Dawuda ke kira mai baƙin ciki. Sannan babban yatsa ya zagayo ta bayan wuyan jitar ya danne tsirkiya mafi kauri, gaɓa ɗaya ƙasa da inda kunne ke jira. Sama tana kuka, ƙasa tana gurnani, sun ƙi shiri da juna. Wanda ya ji sai ya ƙagu a wuce wurin.

"Wannan kamun ba a zama a kansa," in ji Dawuda. "Mataki ne. Gobe zan nuna maka inda ake sauka."

Goben ba ta zo ba. Ƙafar Dawuda ta kumbura suntum, aka ɗora shi a motar gyaɗa zuwa gidan likita a Damagaram, ya bar wa Illa jitar ajiya.

Illa ya duƙufa. Babban yatsansa gajere ne, in ya kai ga mai kaurin sai sauran su zame, in ya gyara su sai ita ta yi zizar ƙudan zuma. Yatsan ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Da ya ga buga su tare ya faskara, sai ya dabarto nasa salon: ya fara taɓa mai kaurin sau biyu, ya ɗan jira, sannan ya share siraran da farce. A haka yake wata rana Baiwa ta kawo masa fura. Ta tsaya da ƙwarya a hannu, ta daɗe ba ta ajiye ba.

"Maigida, ka daina wannan. Kaɗan ya rage ya zama taken Baba."

Shi ma ya sani. Ai a gidan ya girma.

Shekara a zamaninsa ɗan tauri ne wanda ko a Kance ake labarinsa. Ya sha magani tun yana saurayi, wuƙa ba ta cin jikinsa, a gaban jama'a yakan goga ta a wuya har ta lanƙwashe. Makaɗinsa Manu ne mai garaya, shi ya yi masa take, kuma shi kaɗai ya san kiɗan da ake sauke shi da shi in ya hau. Shekaru tara ke nan da rasuwar Manu. Bayan rasuwar ne Shekara ya tuba, ya ƙone layunsa, ya zauna a gaban malamai ya ci tuwo da miyar kuɓewa, abin da maganin ya hana. Kowa a garin ya san ƙarfe zai ci shi yanzu kamar kowa. Kowa kuma ya san ɗan tauri ba ya jin takensa ya ci gaba da zama, ko da kuwa da rarrafe zai tashi.

To me ya hana Illa dainawa? Cewa ya yi ai take na garaya ne. Wannan abu daga bayan teku ya fito, hannun Nasara ne ya ƙera shi, ina ya san Shekara balle ya kira shi? Haka ya faɗa wa Baiwa yana dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Abin da bai faɗa mata ba shi ne, duk sanda amon ya kusa daidaita yakan tuna kawunsa tsaye a tsakiyar fage, kuma yana kewar wannan mutumin ƙwarai. Tsohon da ke gyangyaɗi a zaure da carbi tausayi yake ba shi.

Sai ga Shekara ya fara zuwa rumfar. Da can bai cika fita ba. Yanzu kullum yakan zo ya zauna a kan benci. In Illa ya kuskure, tsohon ya girgiza kai. In ya kusa, sai babbar yatsar ƙafarsa ta shiga motsi a cikin ƙasa. Ya rage cin abinci. Sau biyu Baiwa ta gan shi tsaye a rumfar mahauta, ba nama yake dubawa ba. Ta roƙi mijinta, ta yi kuka, ta ɓoye jitar a cikin rumbu. Ya nemo ta ya kakkaɓe.

Wata ranar kasuwa ce bayan kaka, da la'asar sakaliya, gari cike da baƙi. Illa ya gama wata riga, ya jawo jitar don ya miƙe yatsu. Babban yatsan ya zauna daram. Mai kaurin ta yi magana sau biyu, siraran suka amsa, babu ziza ko kaɗan. Daɗi ya kama shi, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Bai ɗago kai ba sai da ya ji kasuwar ta yi tsit.

Shekara na tsaye, ya tuɓe riga. Ya yi wata ƙara da aka shekara tara ba a ji ba, ya taka zuwa rumfar mahauta ya ɗauki wuƙar fawa, ba wanda ya yi ƙarfin halin tare shi. Ya ɗaga ta sama jama'a su gani, ya ja ta a damtsensa na dama iya ƙarfinsa. Ta shiga.

Dattawa suka yi ca a kan Illa, suna cewa kada ya tsaya, in kiɗa ya yanke a tsakiya tsohon cikinsa zai nufa da wuƙar, ya yi maza ya sauke shi. Da me zai sauke shi? Kiɗan saukewa yana kabarin Manu, mataki na gaba kuma yana Damagaram. Haka ya yi ta kaɗa abu ɗaya tak da ya iya, hawaye na zuba a kan jitar, kawunsa na ƙara hawa. Sai da ya yi yanka uku kafin mahauta huɗu suka rufe shi da asabari suka danne.

Bai mutu ba. Jijiya ce ta tsinke, hannun ya shanye. Daga ranar Illa ne ke ɗaura masa mazagi, shi ke zuba masa ruwan alwala, shi ke gutsura masa tuwo. Ya rataye jitar a can ƙuryar rumfa yana jiran mai ita, amma Dawuda bai dawo ba. Illa ya yi ta jiran ranar da tsohon zai zage shi ko ya tsine masa, don da ya yi haka da Illa ya sami sauƙi. Ko sau ɗaya bai yi ba. Kullum dai yana kan bencin nan, idonsa a ƙuryar.

Wata safiya Illa na durƙushe yana wanke masa ƙafa, ya daure ya ce, "Kawu, ka yafe mini."

Shekara ya dube shi da mamaki.

"In yafe maka me, ɗana? Tun da Manu ya tafi ba a sake kirana ba sai ranar." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya juya shi a hankali yana dubawa. "Yaushe za ka sake kaɗa mini? Ai na hagun yana nan."