Marin da Ya Hana Ni Tuƙa Jirgi

Ranar wata Talata ce, tsakiyar daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Katsina, muna huɗar gero a gonarmu ta gandu, gabas da Sandamu. Shekarata goma sha ɗaya. Ni ke gaba riƙe da igiyar shanu, Baffa Ila, ƙanen mahaifina da ya riƙe gidanmu bayan rasuwarsa, yana baya da garma. Can sai jirgi ya gitta ta sama, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, yana jan farin zare. Na ɗaga kai na bi shi da ido, shanu kuwa suka hau kunya, garma ta tumɓuke gero kusan taku goma. Ban ji tahowar Baffa ba. Marin da ya saukar mini a kunnen hagu sai da ya zaunar da ni, na ji kamar an kifa mini tulu a kai.

Ba ranar ya fara tsanar burina na zama matuƙin jirgi ba. Kawu Sale, yayan mahaifiyata, mai tura kayan fasinja a filin jirgin Kano, shi ya dasa mini shi. Duk zuwansa hutun Sallah sai na tsare shi da tambaya. Ya ce matuƙi sai ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako a lissafi da kimiyya da Turanci, sannan ya shiga makarantar koyon tuƙi, ya yi awoyi masu yawa a sama malami na gefensa kafin a bar shi shi kaɗai, ya ci jarrabawa a ba shi lasisi. Kafin duk wannan kuma likita zai duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa, aibi kaɗan ya isa a mayar da mutum gida. Na rubuta sharuɗɗan da ajami a wata takarda, na soka cikin gafakata. Idan mun kai awaki kiwo, sa'o'ina suna fere kara suna haɗa mota, ni jirgi nake haɗawa. Duk wanda Baffa ya gani a tsakar gida sai ya bi ta kansa da takalmi. Sunan da ya raɗa mini shi ne direban tsuntsaye, har 'ya'yansa suka ɗauka, suna kirana da shi a filin langa.

Kwana uku da marin, kunnen ya fara zubar da ruwa, sannan mugunya. Inna ta roƙa a kai ni asibitin Daura. A lokacin kuwa zancen da ake yi a kowane zaure shi ne, yanzu da Shari'a ta zo, wanda ya ɓata wa wani ido ko kunne, nasa za a ɓata. Wani ya gaya wa Baffa cewa da likita ya gani zai rubuta takarda, takardar kuma hannun alƙali za ta. Babu wanda ya je ya tambayi liman ko haka hukuncin yake. Dattawan gidan suka taru suka yanke cewa maganar ba za ta wuce ƙofa ba. Da Inna ta nace, Baffa ya tsaya a bakin ɗakinta ya ce, "Idan kika fita da yaron nan, ki wuce da shi gidanku. Ba za a kai ni gaban alƙali a kan tsawatar wa ɗana ba."

A gida aka yi magani. Wata tsohuwa ta riƙa ɗumama man shanu tana ɗiga mini, ta toshe da auduga. Aka ce in an tambaye ni a makaranta in ce ƙwaro ne ya shiga. Haka na ci gaba da ɗebo ruwa da yankan ciyawa, ƙuda na bin kafaɗata, yara na toshe hanci in na zauna kusa da su. Sai bayan kaka kunnen ya bushe. Na lura in na kwanta a kan kunnen dama ba na jin carar zakara sosai, amma ban gaya wa kowa ba, na koma zama a jeren gaba a aji.

Na yi karatun nan kamar mai rama faɗa. Na samu duk darussan da ke cikin takardata, kuma da aka nemi ɗaliban da za a ɗauki nauyinsu su koyi tuƙin jirgi, sunana ya fito. Ranar gwajin lafiya aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, aka ɗora mini abin sauraro, aka ce in danna maɓalli duk sa'ar da na ji ƙara. Na dama ya yi daidai. Da aka koma na hagu, na zauna ina jira, ina kallon likita ta gilashi yana ta juya na'ura. Bayan ya leƙa kunnen sai ya ce, "Malam, wa ya mare ka?" Ya ce irin wannan, da an kawo shi a makonnin farko, ƙila da ya warke.

Da na dawo, Baffa ko kai bai ɗaga ba. Ya ce shi dama ya san ɗan gidan nan bai wuce bin shanu ba.

Yau lissafi nake koyarwa a Daura, na kuma gode wa Allah da abin da Ya ba ni. Yaran yanzu, ko atishawa suka yi an ɗauke su a babur sai asibiti. Baffa ya tsufa ƙwarai, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi, don zumunci umarnin Allah ne, ba zaɓina ba. Amma idan zan zauna, nakan zauna ta inda kunnen hagu ke fuskantarsa. Wanda ya ɓata mini, shi nake ba shi.