Kwalaben da babur ya jijjiga

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, aka ba ni aikin bincike a madatsar ruwan Bakolori. Akwai wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka da ke zuƙar iskar naitrojin a cikin ruwa su mayar da ita taki. Aikina in auna yawan abin da suke zuƙa. Sai in cika kwalba da ruwan dam fal, in toshe, in ɗura mata iskar da sirinji, in bari ta kwana, sannan a kai ɗakin gwaji.

Sau biyu ina yi, sakamako kusan babu komai. Malamina ya ce idan na uku ma haka ya fito, sai dai in maimaita shekara. Hankalina ya tashi ƙwarai, ga shi a gida har an fara kirana injiniyan ruwa.

Ni kuwa lallaɓa kwalaben nan nake yi, in rataye su cikin dam a hankali, ko tari ba na yi kusa da su. A karo na uku masunta suka ce za a saki ruwa, zai tafi da kwalaben. Dole na kira abokina ɗan kabu-kabu ya mayar da ni garin Mafara da su, su kwana a can. Bawan Allah bai bar rami ko ɗaya ba, kwalabe sai kacau-kacau suke a kwali. Muna isa tasha na rufe shi da faɗa a gaban mutane, har da ce masa jahili.

"Mi na yi maka? Ruwa na fa, ba ƙwai ba!" Ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Waɗannan kwalaben ne suka ba da sakamako. Na kasa gane dalili, sai da malamina ya tambayi yadda na ɗauko su. Ashe iskar ba ta saurin narkewa a ruwa. Kumfa take yi ta tsaya a wuyan kwalba, halittun ba su samunta sai an girgiza sosai. Ladabina ne ya yi ta kayar da ni.

Har gobe abin yana ba ni mamaki, yana kuma ba ni kunya. Na je na ba abokin nawa haƙuri, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ka koma inda ka zage ni ka hwaɗi hakanan." Na koma tashar, na faɗa a gaban kowa.